Adaka ko mai baki biyu?

Malam, ka tambaya ko ka ajiye adakar da ka gada wurin mahaifinka ka nemi bindigar zamani mai baki biyu, wai an ce maka adaka na wahalar da nama. Na riƙe su duka biyun, na daɗe ina shiga dawa daga bayan Shika har bakin kogin Galma, bari in faɗa maka abin da idona ya gani.

Adaka harbi ɗaya gare ta. Kafin ka sake ɗura albarushi, ka cusa tsumma, ka danna da sanda, gada ta kai garin Giwa. Shi ya sa iyayenmu ba sa ɗana kunama sai sun duba inda iska ke kaɗawa, sun yi rarrafe har suna ganin kunnen dabba na motsi. Mai baki biyu kuwa takan sa wa mutum garaje, don ya san da saura a ciki.

Ni kaina ta ja ni. Shekarar da na fara riƙe ta, farkon damina, na hango gada daga nesa, wurin da ko a mafarki ba zan gwada da adaka ba, na sakar mata. A cinya na same ta. Tun hantsi muke bin jini a kan ganye, sai bayan la'asar muka tarar da ita kwance a gindin sabara tana haki. Da na juya ta zan yanka, hantsarta cike da nono. Ɗan yana wani wuri yana jira. Sarkin Bakanmu, Allah ya jiƙansa, bai ce mini uffan ba, naman ne kawai ya ƙi karɓa. Tun ranar na daina fita da damina.

Adaka ma ba ta rasa aibi. Raɓa ta taɓa albarushi ta ƙi tashi, kuma in maƙeri ya yi ta da bututu marar kauri, ka cika mata ciki, a hannunka za ta fashe. Na san mai yatsu uku saboda haka. Kai wa maƙerin da ya san aikinsa ya duba ta mahaifinka tukuna. Ta zamani ta fi kisa nan take, in ka matso yadda za ka matso da adaka.

Kowacce ka zaɓa, nemi lasisi wurin ƴan sanda, ka yi bisimilla kafin harbi, wuƙa mai kaifi na ƙugunka don wadda ka tarar da sauran rai. Dajin Kamuku kuwa gandun gwamnati ne, kada wani ya ja ka can.