Gaskit ɗin salansa ya ƙi shiga, kar ka kai masa guduma tukuna

Na ga saƙonka, kace ka kwance salansar mashin ɗin nan, ka ɗauko sabon gaskit na jan ƙarfe, zoben nan da yake toshe hayaƙi tsakanin bututun salansa da injin, amma ya ƙi shiga ramin bakin injin, gefe ɗaya ya shiga ɗayan ya tsaya a waje, wai ko ka ɗora salansar a haka ka ɗaure noti ya tura shi ciki da kansa. A'a ɗana, kar ka soma. Ajiye sifanar nan tukuna.

Kafin komai ɗauko tocila ka haska cikin ramin sosai. Ina kyautata zaton tsohon gaskit ɗin yana nan a ciki bai fita ba. Nasan zaka ce ai ka duba babu komai, toh haka kowa yake cewa, domin abin nan in ya daɗe yana shan wuta matsewa yake ya baje, baƙin hayaƙi ya rufe shi ruf, sai ya koma kamar jikin injin ne aka ƙero shi da shi. Sa bakin ƙaramar sukundireba ka ɗan kankare wajen a hankali, in kaga kalar ja-ja ta jan ƙarfe ta leƙo daga ƙarƙashin baƙin, toh shi ne. Alminiyom ɗin injin fari yake fitowa in an kankare, nan zaka gane bambancin. Na sha ciro guda biyu a rami ɗaya, wani ya ɗora sabo kan tsoho ya ɗaure ya sallami mai mashin.

Wajen ciro shi kuma ka kula, ka soki gaskit ɗin kansa ka lanƙwaso shi zuwa tsakiyar rami, kar ka dogara sukundireba a jikin dandamalin da yake zama a kai kana banƙara. Wajen nan alminiyom ne, laushi gare shi, in ka yi masa zane mai zurfi to ka buɗe wa hayaƙi hanya ke nan, ko gaskit goma ka canza zai dinga hurawa ta nan. In ya fita sai ka bi zagayen ka kankare kabon ɗin, wato baƙin hayaƙin da ya daskare, musamman can lungun kusurwa, ka bi da samfefa mai laushi, ka goge da tsumma. Kuma in tsohon irin mai farin abu ne a ciki kamar auduga kar ka hura ƙurarsa da baki, na da can wasu da asbestos ake yinsu, yana illa ga huhu, jiƙa tsumma ka share.

Sau da yawa daga nan magana ta ƙare, sabon zai shige da ɗan yatsa kawai.

In kuma rami ya yi fes amma har yanzu yana tirjewa, ɗora sabon a kan tsohon ka gwada faɗinsu. Tsohon zai ɗan fi baje saboda an matse shi, amma in sabon ne ma yafi shi faɗi a bayyane to ba na mashin ɗin bane, a canzo. Waɗannan zobban kala-kala ne, bambancin milimita 1 ko 2 ido baya saurin kamawa amma ramin ya sani. In ɗan kaɗan ne yake cijewa, wannan ba matsala bace, ni nafi son mai ɗan tauri ma akan wanda zai dinga faɗowa ƙasa duk sanda ka ɗago salansa. Shimfiɗa samfefa ka dinga murza bakin zoben na waje kana juya shi, kaɗan kaɗan kana gwadawa, kar ka taɓa fuskokinsa biyu, su ne masu aikin toshewa. Sannan ka daidaita shi a bakin ramin ya tsaya sak, ka nemo soket, kan sifanar nan mai zagaye da ake kifawa a kan noti, wanda faɗinsa ya yi daidai da zoben, ka ɗora ka ɗan bubbuga da ƙotar guduma. Soket ɗin yana tura duk zagayen lokaci guda. Abin da bana so na gani shi ne a sa bakin sukundireba ana dukan gefe ɗaya sannan a koma ɗayan, kafin ya kai ciki ya gama lotsewa.

Ka gane dalilin, wannan gaskit ɗin sau ɗaya yake matsuwa a rayuwarsa. An yi shi da ɗan kumburi ne don bakin bututun salansa ya danne shi ya bi siffar wajen ya cike duk wani ɗan gibi. In ka riga ka lotsa shi wajen sawa, ko ka bari noti ya tura shi a karkace, to ya matsu inda bai kamata ba, babu sauran abin da zai bayar.

Wasu zasu ce maka a saka shi a firiza ya tsuke. Yana tsukewa kam amma lissafa ka gani, zobe mai faɗin milimita 40 in ka sauke masa zafi da digiri 40 abin da zai ragu wajen 0.03 na milimita ne, bai kai kaurin gashin kai ba, kuma kafin ka gama daidaita shi da yatsu ya ɗume. Yana taimakawa in saura ƙiris, amma ba zai maida wanda ba nasa ba ya zama nasa.

Yanzu ɗauri, nan ne yara kuke ɓata aikin da kuka gyara. Shafa ɗan giris mai jure zafi a jikin sitod ɗin, wato kusoshin nan biyu da suke kafe a bakin injin waɗanda noti yake hawa, ɗora salansa ka tabbatar bakin bututun ya zauna a tsakiyar gaskit, ka sa notinan nan biyu da hannu kawai. Sai ka koma baya ka sa kusoshin da suke riƙe salansar a jikin bodi, su ma sako-sako. In ka fara ƙulle na baya tam, bututun zai zo bakin injin a karkace, ya danne rabin gaskit ya bar rabi. Na bakin injin zaka fara ɗaurewa, wannan rabin juyi wancan rabin juyi, kana kallon tazarar da ke tsakanin ƙarfen da yake danna bututun da jikin injin ta zama iri ɗaya sama da ƙasa. A mashina da yawa ƙarfen nan ba sai ya manne da injin ba, ana barin 'yar tazara, kar kace sai ka rufe ta. Ina yaro kamarka na taɓa nacewa sai na ga ya manne, ina ja ina ja sai naji ƙas, sitod ya karye a cikin injin, ranar yini muka yi muna haƙo guntun da dirila maigidana ko kallona baya yi. Masu noti na sifana 10 sitod ɗinsu siriri ne, milimita 6, ƙarfin wuyan hannu ya ishe su, ba a hawa kansu da kafaɗa.

In ka gama ka tada shi ka saurara tun yana sanyi. In kaji tsit-tsit-tsit yana bin bugun injin, ko ka kara bayan hannunka kusa da wajen kaji iska tana bugunka, yana hurawa, ka yi saurin gwajin nan kafin bututu ya yi zafi ya ɗauke maka fata. Wata alamar kuma in an saki totur a guje salansa ta dinga tas-tas, iska ce take shiga ta wajen. Bari ya yi zafi sosai, kashe shi ya huce gaba ɗaya, sannan ka sake bin notinan, zaka ji sun ɗan ƙara karɓa domin gaskit ya kwanta. Ka faɗa wa mai mashin ya dawo bayan kwana biyu a sake taɓa su.

Je ka haska ramin, in ka ciro tsohon ka ajiye min shi a kan benci zan gani in na dawo.