Re: Yadda ake jera bekta ɗaya ya zama matiriks a R

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce kana da v <- c(10, 20, 30), wato bekta (jerin lambobi) a manhajar lissafi ta R, kana son ta maimaitu a layi huɗu na kwance ta zama matiriks (teburin lambobi), amma lambobin suna fito maka a hargitse. To, R ba ta yi kuskure ba, ɗabi'arta ce haka. Daga sama zuwa ƙasa take cika matiriks, sai ta gama layin tsaye na farko kafin ta shiga na biyu. Rubuta haka kawai:

matrix(v, nrow = 4, ncol = 3, byrow = TRUE)

Ba sai ka nemi rep() ba, domin idan lambobin suka ƙare, R da kanta take komawa farko ta ci gaba.

Abin da ya sa wannan tarkon yake kama mutane shi ne, idan ka manta byrow, wanda ke sa R ta cika matiriks layin kwance bayan layin kwance, layin farko zai fito 10, 20, 30 daidai, sai hankalinka ya kwanta. Duba na biyu: 20, 30, 10. Kuma ko tari R ba za ta yi ba, tunda 3 ta raba 12 babu saura.

Ni ma na sha wannan ruwan lokacin da nake aikin bincikena a kan amfanin gona. Na rubuta X - colMeans(X), inda X shi ne matiriks ɗin bayanaina, kowane amfanin gona da layinsa na tsaye, a zatona na cire matsakaicin kowane layin tsaye daga nasa. Ashe matsakaicin masara ya shiga cikin dawa, na dawa ya faɗa cikin gero. Sai da malamina ya ce in sake lissafa matsakaicin, ya kamata ya fito sifili, bai fito ba. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Shi ya sa nake tambayarka: me za ka yi da matiriks ɗin? In cirewa ce irin tawa, kada ma ka gina shi. sweep(X, 2, colMeans(X)) ko scale(X, scale = FALSE) sun wadatar. In kuwa kana son bektar ta tsaya a tsaye ne, replicate(4, v) ta isa, sannan t() ta kwantar maka da ita idan ka canza shawara. Wanda ya saba da manhajar MATLAB zai ta neman repmat, umarninta na maimaita matiriks, amma R ba ta zo da shi ba.

Kafin ka ɗora a kan bayananka na gaske, gwada da lambobi uku ɗin nan, ka karanta layi na biyu da idonka.