Da gaske ƙasashe uku kacal suka buga gasar cin kofin Afirka ta farko?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mun yi musu da wani abokina, ya ce ƙasashe uku ne kawai suka buga gasar cin kofin nahiyar Afirka ta farko. Haka ne? Sannan me ya hana Najeriya zuwa kare kofinta a 1996?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, abokinka ya fi ka gaskiya. Tambayoyin naka biyu kuwa jijiyarsu ɗaya ce, wato siyasar Afirka ta Kudu.

A watan Fabrairun 1957 aka kafa hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, a birnin Khartum. Ƙasashe huɗu ne suka kafa ta: Masar, Sudan, Habasha da Afirka ta Kudu. Kada yawan ya ba ka mamaki, domin a lokacin galibin nahiyar na hannun Turawan mulkin mallaka. Gana ma sai wata ɗaya bayan haka ta samu 'yancin kai. Da aka zo batun gasa, Afirka ta Kudu ta ce sai dai ta kawo tawagar farare zalla ko ta baƙaƙe zalla, ba za ta gauraya su ba. Sauran ukun suka ce ba da su ba, aka cire ta daga gasar. Shi ke nan Habasha, wadda da za ta kara da Afirka ta Kudu, ta wuce wasan ƙarshe ko ƙwallo ba ta taɓa ba, Masar ta doke Sudan da ci 2-1, sannan ta lallasa Habasha da ci 4-0. Ɗan wasa guda, Ad-Diba, shi ya zura duka huɗun. Wasa biyu aka yi, gasa ta ƙare.

Yadda ƙasashe ke samun 'yanci, haka gasar ke faɗi. Kwame Nkrumah ya ɗauki ƙwallo makamin haɗa kan baƙar fata, Gana ta ci kofin a 1963 da 1965. Tawagogi suka kai 8 a 1968, 12 a 1992, yanzu kuma 24 tun daga 2019. Masar ce kan gaba da kofi bakwai, Kamaru na biye da biyar.

Batun 1996 kuwa har yau yana ci mini rai. Najeriya ta ɗauko kofin a Tunisiya a 1994, inda Emmanuel Amunike ya ci Zambiya ƙwallo biyu a wasan ƙarshe. Afirka ta Kudu, wadda ta dawo fage bayan rushewar wariyar launin fata, ita ce mai masaukin baƙi a 1996. A watan Nuwamban 1995 gwamnatin Janar Sani Abacha ta rataye Ken Saro-Wiwa, marubuci mai fafutukar kare haƙƙin al'ummar Ogoni, da mutane takwas. Nelson Mandela ya yi tir da abin, ya nemi a saka wa Najeriya takunkumi. Sai Abacha ya hana Super Eagles tafiya, ya fake da cewa babu tabbacin tsaron 'yan wasa. CAF ta ƙara da nata hukuncin, ta hana Najeriya shiga gasar 1998.

Dubi irin tawagar da aka zaunar a gida: su Okocha, Kanu, Amokachi, Oliseh. Yaran nan a shekarar ta 1996 suka je Atlanta, suka doke Brazil da Ajantina, suka ɗauko zinaren Olamfik. A ganina babu wanda zai iya tare musu hanya a Johannesburg. Amma da ba su je ba, Afirka ta Kudu ta doke Tunisiya da ci 2-0, Mandela sanye da rigar 'yan wasan ƙasarsa ya tsaya kusa da kyaftin Neil Tovey yana ɗaga kofin.

Najeriya ta dawo a 2000, ta kai wasan ƙarshe a Legas, Kamaru ta ƙwace a bugun fenariti. Sai a 2013, shekara 19 bayan na Tunisiya, kofin ya sake zuwa hannunta, a Johannesburg ɗin da aka hana ta zuwa. Sunday Mba ya ci Burkina Faso ƙwallo ɗaya tilo, kocin kuwa Stephen Keshi ne, kyaftin ɗin tawagar 1994.