Amsa ga mai bisharar da ya yi tambaya kan rabon gona da jiran Ubangiji

Ɗan'uwa, salama a gare ka, Allah kuma ya ƙara muku haƙurin rashin mahaifi. Ka rubuta cewa yayyenka ne suke noma gonakin gida tun bayan rasuwarsa, an yi maka alkawarin rabonka amma har yau shiru, abin da ikkilisiya take ba ka kuma ba ya kai ka ƙarshen wata. Sai ka tambaya ko dogara ga Allah yana nufin ka kame bakinka, ka ce Ubangiji ne gādonka kamar yadda aka faɗa wa Lawiyawa, wato kabilar Isra'ila da aka keɓe don hidimar sujada.

Gaskiya ne a Littafin Ƙidaya sura 18 Ubangiji ya gaya wa Haruna cewa ba shi da gādo a ƙasar, domin Ubangiji kansa ne rabonsa. Amma masu jawo wannan aya sukan tsaya a nan, alhali a cikin surar ne aka ba Lawiyawa zakar Isra'ila duka saboda hidimarsu a alfarwa ta sujada, a sura 35 kuma, tun jama'a suna filayen Mowab ba su haye Urdun ba, aka umarta a ba su garuruwa 48 da makiyaya kewaye da su, shida daga ciki su zama biranen mafaka. Ashe ba a bar su hannu rabbana ba. An dai rataya abincinsu a kan amincin 'yan'uwansu, wannan kuwa ya fi mallakar gona wuya, domin mai gona yana ganin hatsinsa a rumbu, Balawe kuwa sai abin da aka kawo.

Ka lura da lokacin da alkawarin ya cika. A Littafin Joshuwa an raba ƙasa kabila bayan kabila, Lawiyawa suna tsaye suna kallo, ba su ƙwace ko taku ɗaya ba, har Joshuwa kansa ya karɓi garinsa, aka keɓe biranen mafaka. Sai a sura 21 shugabanninsu suka je Shilo gaban Ele'azara firist da Joshuwa da shugabannin kabilai, suka tuna musu cewa Ubangiji ya umarta ta bakin Musa a ba su garuruwan zama da wuraren kiwo. Nan aka jefa kuri'a aka ba su. Sun jira har layi ya zo kansu, amma da ya zo, su suka tashi suka buɗe baki, a gaban waɗanda ke da ikon yanke magana, bisa alkawarin da aka riga aka yi. Wanda ya kasa jira shi ne saurayin nan Balawe na Littafin Mahukunta sura 17, wanda ya bar Baitalami yana neman inda zai zauna, ya yarda ya zama firist na gumakan gidan Mika a kan shekel goma na azurfa a shekara da tufafi da abinci, da mutanen kabilar Dan suka zo da tayin da ya fi wannan kuma ya bi su da murna.

Na daɗe ina riƙe da ajiyar ikkilisiyarmu ta ƙauye, na kuwa ga wannan al'amari da idona. Wata shekara ruwa ya ɗauke da wuri, baikon ranar Lahadi ba ya ko rufe gindin faranti, mai bishararmu ya yi watanni bai ga kuɗinsa ba. Bai kwana da yunwa ba: matan zumunta sukan zo sujada kowacce da mudun dawa ƙulle a ɗankwali, su ajiye a bakin ƙofarsa ba tare da sun ce komai ba, wani dattijo kuma ya ara masa fadama ya dasa albasa da rani. Duk da haka, bashin da yake bi bai fito ba sai ranar da ya zauna gaban kwamiti ya faɗa a fili cewa an koro 'ya'yansa daga makaranta. Sau da yawa ba mugunta ce take hana mutane ba, ganin mutum yana shiru ne yake sa a ɗauka yana da hali. Ko a zamanin Nehemiya, sai da Lawiyawa suka watse kowa ya koma gonarsa saboda an daina kawo rabonsu, sannan ya tsawata wa shugabanni aka gyara.

Saboda haka shawarata ita ce kada ka bar wurin aikinka don wani ya yi maka tayi mai tsoka, kada kuma ka fara da kotu. Ka bari a gama girbi, kafin a soma sharar gona ka nemi baffanku da mai unguwa su zaunar da ku, ka tuna wa yayyenka alkawarinsu cikin ladabi. Idan sun roƙi a bar su su ƙara damina ɗaya, ka yarda, amma a kafa iyaka a gaban shaidu, a kuma sa ranar da za a miƙa maka. Kwamitin ikkilisiyarku ma ya kamata ya ji halin da iyalinka suke ciki daga bakinka a zamansa na gaba.