Amsa ga mai tambaya kan filtar da ke cajin kanta

'Yar'uwa, da na ga tambayarki sai da gabana ya faɗi, don ramin da na taɓa faɗawa ne. Kin ce mai shago ya ce miki filtar tace iskar ɗaki da yake sayarwa tana cajin kanta ba tare da wuta ba, kuma za ta raba yaronki mai asma da ƙurar hunturu.

Maganar caji gaskiya ce. Kin tuna muna firamare, mu goga biro a gashi ya ɗauki guntun takarda? To haka take. Raga ce ta zaren roba hawa-hawa, iskar da ke ratsawa tana gogar zaren sai ya ɗau caji, ƙura ta zo wucewa ta manne. Ba batir, ba waya. Amma da zarar ƙura ta lulluɓe zaren, ko akwai laima, ƙarfin jan ya ragu.

Abin da ba a gaya min ba kenan. Wanda ya sa min ita rantsuwa ya yi wai sai ta shekara za a wanke. Cikin Janairu, hazo ya rufe gari, wajen ƙarfe 2 na dare 'yata ta farka ƙirjinta na shiii, ta damƙe zanena, ko Umma ta kasa kira. Babanta ba ya gari. Na goya ta, ƙafata ba takalmi, ina dukan ƙofar maƙwabta ina kuka. Kwana 3 muka yi a asibiti. Da muka dawo na ciro filtar, ƙura ta yi mata bargo. Na kira wanda ya sa min ita, ya ce wai ni ce ban iya amfani da ita ba, ya kashe waya. Ko sannu bai ce min ba. Na bar shi da Allah.

Ki riƙa wankewa duk wata, ni da hunturu duk sati 2 nake yi. Ki watsa ruwan ta bayanta don ƙurar ta fita ta inda ta shigo, ki bar ta ta bushe ƙarau, in kika mayar da danshi fumfuna za ta yi. Hayaƙi da ƙura mai laushi sosai kuwa wuce ta suke yi, wata irin filta da ake kira HEPA ce ke tare kashi 99.97 cikin 100 na ƙwayoyin ƙura masu girman maikron 0.3, ƙananan da ido ba ya gani. Turaren wuta ma na daina sa wa a ɗakinta, duk da surukata ta yi ta faɗa. Shara kuma da jiƙaƙƙen tsumma, ba tsintsiya ba.

Don Allah inhelar yaron, abin shaƙar maganin asmarsa, kada ta yi nisa da matashinsa. Allah Ya ba shi lafiya.