Ina taragon kayana ya kwana?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ke kula da sito a wata masana'antar roba da ke Sharaɗa. Na ji an ce yanzu mutum yana zaune a ofis zai san inda taragon jirgin ƙasa yake. Ta yaya ake yi, kuma me zai tsinana wa masana'antun Kano da suka durƙushe?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Gaskiya ka ji, kuma hanya biyu ce.

Ta farko, ana manna wa kowane tarago wani ɗan tambari mai suna RFID a gefensa. Yawancinsu ba sa buƙatar batir. Idan jirgi ya gifta gaban na'urar da aka kafa a bakin layin dogo, sai ta harba masa igiyar rediyo, shi kuma ya mayar mata da lambarsa. Nan take kwamfuta ta rubuta cewa tarago kaza ya wuce Zariya da ƙarfe kaza. Kafin wannan, a Amurka sun gwada zane mai launi-launi da na'ura ke karantawa da haske, amma datti ya riƙa rufe shi har suka watsar a shekarun 1970. Wanda ya san ƙurar hunturun Kano ba sai an yi masa dogon bayani ba. Shi kuwa tambarin rediyo ƙura ba ta hana a karanta shi.

Ta biyu ita ce GPS, wadda ke karɓar sigina daga tauraron ɗan adam ta turo wurin da take ta layin waya. Ta fi tsada, kuma tana son batir ko hasken rana.

Amfaninta gare ku kuwa, kai ka fi ni sani. Mai masana'antar da bai san ranar isowar kwantenarsa daga tashar jirgin ruwa ta Apapa a Legas ba, dole ya tara kayan aiki na watanni a sito, kuɗinsa na kwance, ko kuma injinansa su tsaya ma'aikata na zaman jira. Ranar da ka san kayanka sun baro Kaduna, za ka tsara aikin mako, ka yi wa ɗan kasuwar Kwari ko Singa alkawari ka cika. A ganina wannan tabbacin ya fi saurin jirgin kansa muhimmanci ga Bompai da Sharaɗa da Chalawa.

Sai dai kada a ruɗe ka, na'ura ba ta kawo wutar lantarki, ba ta kuma gyara dogo. Tsohon layin da ya iso Kano tun 1911 faɗinsa milimita 1,067 ne, sabon da ake shimfiɗawa daga Kaduna kuwa 1,435, don haka taragon wannan ba ya hawa wancan. Wurin sauke kaya a sake lodawa nan ne kwantena ta fi ɓacewa a lissafi. Shi ya sa nake ba ku shawara, idan za ku yi amfani da tashar tsandauri ta Dala da ke Zawaciki, wato tashar sauke kwantena ta kan tudu da aka buɗe a 2023, ku nemi a liƙa na'urar bin sawu a jikin kwantenar kanta, ba tarago kaɗai ba.