Tsohuwar mujallar Sifaniyanci da na tsinta a haraji

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ɗanka ne daga Jidda. Na je haraji, wato kasuwar gwanjo, neman firij na hannu sai na ga kwali cike da tsofaffin littattafai, a ciki akwai wata 'yar mujalla da zanen kumbo a bangonta, an rubuta Nueva Dimensión. Riyal biyar na saye ta, abokin aikina ya ce wai Sifaniyanci ne. Dan Allah su ma suna da mujallun ƙagaggun labaran kimiyya ne? Ni na ɗauka Turanci kaɗai ake yi.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. Wallahi ka yi tsintuwa, kar ka bari yara su yaga ta. Suna da su mana, sai dai ba yawa, kuma galibi ba sa daɗewa suke mutuwa. Wannan da ke hannunka tana cikin waɗanda suka fi tsawon rai, a Basalona aka fara ta a 1968, Domingo Santos da Luis Vigil da Sebastián Martínez suka kafa ta, ta yi fitowa 148 kafin ta tsaya.

Amma Ajantina ce ta riga su. Tun 1953 ake buga Más Allá a Buenos Aires, fitowa 48 ta yi ta rufe a 1957, kuma yawancin labaranta fassara ce daga mujallar Galaxy ta Amurka. To ka ga inda matsalar take, labarin na wasu ne, sai an biya mai shi an biya mai fassara, ga takarda ga buga, masu saye kuma sun warwatsu daga Sifen zuwa Meziko zuwa Ajantina kowa da kuɗinsa da dokar ƙasarsa, ina riba za ta fito? Minotauro ma da ta biyo baya a 1964 fitowa 10 kacal ta yi.

Sannan ga hukuma. Abin da ya fi taɓa ni kenan. A 1970, zamanin mulkin kama-karya na Janar Franco a Sifen, an ƙwace fitowa ta 14 ta wannan mujalla taka saboda labari guda ɗaya da wata 'yar Ajantina, Magdalena Mouján Otaño, ta rubuta a kan ƙabilar Basque ta arewacin Sifen da asalinsu. Ƙagaggen labari fa, na na'urar komawa zamanin da!

Daga baya mutanen suka samo dabara, a 1989 Eduardo Carletti ya fara Axxón a Ajantina, ba takarda, a faifan kwamfuta ake rabawa hannu da hannu.

Yanzu ka duba lambar fitowar a bango ko a gefe ka turo mana. Ka saka ta a leda mai kauri ka ajiye a ɗaki mai mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, domin danshin Jidda ba ya barin tsohuwar takarda, idan ta fara ja tana kakkaryewa shi kenan.